Kwale-kwalen da na saya wa iyalina a Bronx

Shekarun baya, lokacin ina tuƙin tasi muna zaune a Highbridge, na taɓa sayen kwale-kwale. E, kwale-kwale, ni da ke zaune a hawa na biyar, a gidan da ko keken yara sai an rataye shi a bango. Duk wanda na ba labarin da dariya yake farawa, ni ma nakan taya shi.

Ni haifaffen Yawuri ne. Mahaifina masunci ne, kuma na iya riƙe filafili tun kafin in iya riƙe alƙalami. Yarana uku kuwa a nan aka haife su, ruwan da suka sani bai wuce na famfo ba. Wata Lahadi na fita da su yawo kan gadar unguwarmu ta masu tafiya a ƙasa, sai muka hango wasu suna tuƙa ƙananan jirage a kogin Harlem. Babbar 'yata ta juyo ta ce da Turanci, "Baba, da gaske kai ma ka iya wannan?"

Na ce mata da Hausa, "Waɗannan ai wasa suke yi."

Ta ce, "To ka nuna mana mana."

A lokacin zaman gidana ba daɗi. Ba faɗa muke yi da matata ba, da faɗan ne ma da sauƙi. Tana aikin kula da tsofaffi, ina kan titi, in ta shigo ina fita. Ta sha ce mini mu bar garin nan mu koma Ohio inda yayarta take, yara su samu fili, mu ma mu huta. Ni kuma kullum amsata ɗaya ce, a bari tukuna. Da maganar kwale-kwale ta shiga kaina, sai na ga kamar na samo magani. A cikin jirgi a tsakiyar ruwa ba wanda zai tashi ya shiga ɗaki ya ja ƙofa, dole a zauna, dole a yi magana.

Haka na cinye sanyin shekarar nan ina bincike. In ina layin jiran fasinja a filin jirgi, direbobi na gardamar ƙwallo, ni ina kan waya ina karatun kwale-kwale. A garinmu jirgi jirgi ne, in bai yoyo ba ka hau. A nan kuwa abin kamar neman aure. Na alminiyom yana daɗewa, amma in rana ta buge shi sai ya ƙona cinyar yaro, ga ƙara. Na roba mai kauri yana jure duwatsu, sai dai nauyi. Akwai wani marar nauyi da mutum zai ɗaga shi kaɗai, wannan na masu hali ne. Mai faffaɗan ciki ba ya tangaɗi amma ba ya sauri, siriri kuma yana gudu, sai dai atishawa ɗaya ta isa ta kifar da shi. Har a teburin cin abinci ina nuna hotuna. Yara suna ihun a sayi kore. Matata takan duba ta ce, "Yana da kyau."

Matsalar wurin ajiya abokina ne ya warware ta. Mutumin Maraɗi ne, yana da shagon kayan abinci da gida mai fili a baya kusa da unguwar Park Hill can ƙetaren ruwa, da babbar mota ta ɗaukar kaya. Ɗaki ɗaya muka kwana da shi shekarar da muka zo ƙasar nan. Ni na tsaya masa a ɗaurin aurensa, matarsa da tawa kuma aminan juna ne. Ya ce, "Mutumina, kawo shi nan. Filin ba abin da yake yi mini."

Da gari ya fara ɗumi muka tafi wani shago a New Jersey, ni da matata da yara da abokina. Mai shagon wani dattijon Bature ne mai haƙuri. Ya tambaye ni mutum nawa, na ce biyar. Ya ce tafki mai kwanciya ko kogi mai duwatsu, na ce tafki tukuna. Sai ya dafa wani dogon kore ya ce wannan zai ɗauke mu har da kayan abinci, amma fa in sani, jirgin manya biyu ne. Mutum ɗaya ba zai ɗora shi kan mota ba, kuma sai da wani a gaba yake tafiya daidai. Wa zai zauna a gaba?

Na nuna matata ina murmushi.

Ta kalli ƙasa, ta ce, "Baban yara, me zai hana ka ɗauki ƙaramin nan, wanda mutum ɗaya zai iya da shi?"

Na ce, "Mu biyar a cikin wannan? Sai dai mu ɗaura autan a baya." Na juya wurin abokina na ce, "Alhaji, me ka gani?"

Bai ko yi jim ba. Ya ce, "Babban ya fi. Ɗauki babban."

Muka ɗauki babban, da filafilai, da rigunan ruwa biyar, kowa daidai jikinsa.

Bayan ƙaramar sallah muka fita da shi wani tafki a arewacin gari, gida biyu. Ba zan ɓoye ba, ranar ta yi daɗi. Matata ta ɗora rigar ruwa a kan hijabi ta zauna a gaba tana salati duk lokacin da jirgin ya motsa, daga baya ta koma dariya irin wadda na daɗe ban ji ba. Na zaunar da babbar 'yata a gabana, na kama hannuwanta na nuna mata yadda ake tsoma filafili ba tare da an mari ruwa ba. Muka yi azahar a kan ciyawa, muka ci dambu da soyayyar kaza. Abokina da matarsa ba su hau ba. Suna bakin ruwa suna ta ɗaukarmu hoto, har na ce, "Alhaji, wayar za ta cika fa." Na ga matarsa tana share ido da gefen mayafi, na ɗauka rana ce.

Ba a yi mako ba, wata safiya bayan yara sun fita, matata ta ce in zauna. Ta ce ta samu aiki a Ohio, ta kama gida, an karɓi yara a makaranta. Ƙarshen wata za su tashi.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun sanyi bai fita ba. Ba rabuwa nake nema ba, in za ka zo ka zo. Amma ni na gama jiran tukuna."

Tambayar da ta zo mini ita ce ta banza. Na ce, "Wa zai kai muku kayan?"

Ta ce, "Motar Alhaji."

Ranar ban fita aiki ba. Na hau jirgin ƙasa, na hau jirgin fito, na hau bas, na sami Alhaji a filin da ke bayan gidansa. Kwale-kwalen na kife a jikin katanga.

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Na sani."

"Ranar da muka je shago ma ka sani?"

Ya ce, "Mutumina, amana aka ba ni. Muka ga gara a bar ka, yaran su samu ranar da za su riƙa tunawa."

Kalmar nan "muka ga" ita ta tsaya mini a wuya. Ashe su uku sun zauna a kaina sun yanke shawara, kamar yadda ake zama a kan marar lafiyar da ba a so ya san ciwonsa. Na ce, "Na tambaye ka ido da ido, ka ce in ɗauki babban."

Ya ce, "Da na ce ƙaramin, da ka tambaye ni dalili."

Na juya na tafi, yana kirana in tsaya in sha ruwa.

Sun tashi ƙarshen wata. Na yi ta zirga-zirga tsakanin nan da can, aikina a nan, zuciyata a can, har auren ya mutu a hankali, manya suka ƙarasa maganar ta waya. Kwale-kwalen ban sake hawansa ba. Ba zan iya ɗaga shi ni kaɗai ba, kuma ba zan roƙi mai gidan ya kama mini ba. Da shekara ta zagayo na ga hotuna a Fesbuk, yaransa a cikin jirgin, sanye da rigunan yarana. Ya tare ni a masallaci ya ce in zo in ɗauka ko ya saya. Na ce ya riƙe.

Uwar yarana na daɗe da yafe mata. Shekaru ta yi tana faɗa mini abin da take so a fuskata, kuma ko a shagon nan ita ce ta yi ƙoƙarin tare ni. Alhaji kuwa muna gaisawa a filin idi, a nan ta tsaya. Mutane suna ce mini ai ba da mugunta ya yi ba, tausayi ne. Na sani. Shi ya sa ma abin ya ƙi wucewa. Da ƙiyayya ce da na san inda zan ajiye ta. Tun daga lokacin, in na kawo shawara na ga na kusa da ni sun amince da sauri suna murmushi, gabana faɗuwa yake yi.

Kwanakin baya babbar 'yata ta turo mini bidiyo daga jami'a. Ta shiga ƙungiyar masu tuƙin jirgi. Tana tsoma filafili ruwan ko motsi ba ya yi, irin hannun mahaifina sak. A ƙarshen bidiyon ta rungume kocinsu, ta rubuta a ƙasa cewa shi ya koya mata komai. Na kalla na sake kalla, sannan na rubuta mata, "Masha Allah, Allah ya saka masa da alheri."