Malam Halliru Mai Mahuji da Ƙarfen Kawunsa

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Halliru a shekarar 1957 a garin Rabah, ga mahaifinsa Abdulƙadiri da mahaifiyarsa Habi, manoma masu rufin asiri. Ya yi karatun allo a Wurno, inda ya sauke Alƙur'ani mai girma a 1974.

Gado da Aure

A 1978 kawunsa ya rasu ba ɗa ba jika, ya bar masa gonar fadama kusa da Goronyo, da wani ƙarfe mai tsini, lanƙwasasshe, mai ƙotar ƙirya, bakinsa baƙi ƙirin kamar ya sha wuta. Halliru ya kai shi ga maƙera da wanzamai da dukawa, kowa ya juya shi ya ce ba nasu ba ne. A shekarar ya auri Tani, wadda zuciyarsa ba ta taɓa kallon wata bayanta ba. Ita kuwa da ta ga ƙarfen zaune banza, sai ta mai da shi abin huda ƙasa wajen dashen albasa.

Zuwan Madatsar Ruwa

Da aka tare Gulbin Rima, ruwa ya shafe gonar, Halliru ya wayi gari da iyali ba sana'a, har ya ƙudurta barin ƙasar haihuwarsa zuwa ci-rani. A 1986 Tani ta baza ƴan kayan gona, har da ƙarfen, a kasuwar Goronyo don a samu guzurinsa. Wata tsohuwa mai kifi, Inno, ta tsaya cak.

"Ke ɗiyata, mi kike yi da wanga?"

"Dashen albasa, Inno."

Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye. "Albasa! Mahujin jirgi na! Wuta aka sa shi, shi yi ja, a huda katako a ɗunke tsaga. Tsohona da irinai ya cishe mu. Ga ruwa ya cika ƙasa, jirage na yoyo, ku kuna shuka da shi?"

Sana'a

Halliru ya fasa tafiya. Ya koyi gyaran jirage wajen ƙanen Inno, a 1989 ya kafa rumfarsa a bakin ruwa, masunta suka laƙaba masa Mai Mahuji. Daga baya bincike ya tabbatar masa kakannin mahaifiyarsa Sarkawa ne, ma'abota ruwa, waɗanda suka bar kamun kifi suka kama noma. Ashe ruwan da ya ci gonarsa gida ya mai da shi!

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa a damanar 2019, aka yi masa sutura a maƙabartar Goronyo, masunta suka bar komarsu suka cika sahu. Ya bar matarsa Tani da ƴaƴa huɗu: Lawwali, Lami, Sabuwa da Abdulƙadiri. Ranar rabon gado, da aka zo kan ƙarfen, Lawwali, wanda ke shirin komawa aiki birni, ya miƙe.

"Wanga ba a sai da shi. Na zamna gida. Gobe ni ka buɗe rumhwa."