Tukunyar Kicarin da Aka Ture a Tsakar Gida

Ina da shekara ashirin ko kusa da haka lokacin da abin ya faru, shekara biyu bayan farin da suka cinye gero. Ina aure a Gure, a gidan wasu fatake 'yan Damagaram masu rumfar tufafi da gishiri a kasuwa. Mijina ne ƙarami. Wansa ke riƙe da gida tun rasuwar mahaifinsu, mutum ne da ba ya tambaya, sai dai ya faɗa a yi. Ya daɗe a ƙasa yanzu, Allah ya jiƙansa, amma ban huce da shi ba.

A shekarar ce gwaggona, yayar mahaifina, ta dawo daga hajji. Da ƙafa suka tafi ita da mijinta, ya rasu a hanya. Ita ta kai Makka, ta yi shekara goma sha ɗaya tana dafa wa wasu Indiyawa Musulmi abinci kafin ta sami ayarin dawowa. Ta zo a rame, kayanta tasbaha da gorar zamzam da wani ƙullin tsumma mai ƙamshin kayan yaji. Ta sauka a wani ɗaki kusa da gidanmu.

Bayan kaka mijina ya je cin kasuwar Gidigir, ya dawo da gudawa da zazzaɓi. Tuwo ba ya zama a cikinsa, fura ma haka. Wansa ya sa aka yanka ɗan akuya aka gasa, ya ce da nama namiji ke tashi. Ya kuma kawo jiƙon wata saiwa mai ɗaci, ana ɗura masa safe da yamma. Kwana shida ana haka, idanunsa suka faɗa, sai na tallafe shi yake iya zama.

Gwaggo ta shigo dubiya, ta ja fatar bayan hannunsa, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ta ce in kawo gero da wake da man shanu. Ta jiƙa waken ta murje ɓawon tas, ta ce ɓawon ne ke kumbura ciki. Ta surfa geron ta ɓarza, ta haɗa su a tukunya da ruwa mai yawa da ɗan garin gangamau, suka yi ta dahuwa har suka narke. Tana juyawa tana gaya mini Indiyawa na kiransa kicari. Masu hali da shinkafa suke yi da wani ƙaramin wake da ba ya fita a ƙasarmu, talakawansu kuwa da gero, kamar mu. Ta ce uwar gidan da ta yi wa aiki da shi take jinyar mara lafiya, da shi take yaye yaro, don ba ya wahalar da hanji, gero ya riƙe ciki, wake ya mai da ƙarfin da ake nema a nama. Daga ƙarshe ta soya citta a ɗan man shanu ta juye a kai. A wata ƙwaryar ta dama kindirmo da dafaffen ruwa da gishiri, ta ce wannan ne zai mayar da ruwan jikinsa.

Muna shirin zubawa bayan la'asar sai ga wan mijina daga kasuwa. Ya leƙa tukunyar, ya ga abu rawaya.

"Hajiya, wa ya ba ki izinin ɗora tukunya a gidan nan?"

Ta ce masa abincin mara lafiya ne, a bari ya ci loma uku a gani.

"Wake za ki ba mai gudawa? Da gangamau ɗin da dukawa ke rina fata? Don kin yi shekaru kina wanke wa Indiyawa kwano, shi ne kika zama likita?"

Ya sa ƙafa ya ture tukunyar. Ta fashe, abincin ya malale a ƙasa yana tururi. Gwaggo, tsohuwar da a shekaru ta haife shi, ta durƙusa a gabansa tana kwashewa da tsingaro, don kada a taka abinci. Ni kuwa ina tsaye na ciji bakin mayafina, ban ce uffan ba. Wannan shirun nawa ya fi komai ci mini rai.

Washegari, da ya fita kasuwa, na zagaya ɗakin Gwaggo. Ta riga ta dafa wani. Na ɗauko a ƙwarya na rufe da faifai kamar tsaki zan kai wa kaji. Mijina ya ci loma huɗu, suka zauna. Haka na riƙa yi kullum, jiƙon kuwa ina zubar da shi bayan rumbu. A kwana na uku gudawa ta tsaya. A na tara ya taka da ƙafarsa har zaure.

A zauren nan na ji wansa yana gaya wa masu dubiya jiƙonsa ne ya tashe shi, har yana kwatanta musu inda ake tonon saiwar. Na ce wa mijina ya faɗi gaskiya. Ya ce in rufa masa asiri, ba zai kunyata Yaya a gaban mutane ba. Ko sannu bai je ya yi wa Gwaggo ba. Ita ba ta sake taka gidan ba. Kafin damina ta tattara ƙullinta ta koma Bune wajen 'yarta, can ta rasu.

Da bazara ta zagayo, 'yar wan mijina mai shekara uku ta kamu da irin wannan gudawar. Na dafa kicari a fili a tsakar gida, na kai ɗakin uwarta. Uban yarinyar ya tare ni a bakin ƙofa ya ce in fita da shi, jiƙon da ya warkar da ƙaninsa ya isa. Na gaya masa ƙaninsa bai sha jiƙon ba, ni na zubar. Ya ce ƙarya nake. Na dubi mijina, ya sunkuyar da kai.

Yarinyar ta rasu a kwana na biyar. Ban ce abincina zai hana ajali ba, amma ba a bari ta ɗanɗana ba. Bayan sadakar uku na sami wan mijina a zaure shi kaɗai, na ce, "Yaya, girman kanka ya hana yarinyar nan cin abinci, kuma Allah na gani."

Daga ranar ya daina amsa gaisuwata. Da kaka ta yi mijina ya ja danga a ƙarshen gidan, muka fasa ƙofarmu daban ta gabas.