Keken Jaririn da Ya Tsaya a Shabu

Duk wanda ya taɓa cin sakwara a bakin titin Shabu, kusa da Lafiya, ya san Iveren. 'Yar Tibi ce, gajeriya, mai saurin hannu da saurin fushi, kuma ba ta yarda a yi gudu a gaban rumfarta. Ko kaza ce ta ruga, sai ta miƙe ta duba abin da ya koro ta. 'Yan acaba kan tsokane ta, amma sun san dalili. A rikicin 2001 ta baro ƙauyensu da ke wajen Awe da ƙafa, goye da jaririyarta Seember. Ta wuni tana gudu cikin rana, tana ma godiya da yarinyar ta yi shiru. Da ta kwance goyon sai ta tarar ba barci ba ne. A gindin wata ɗorawa aka binne ta, kuma tun daga ranar Iveren ba ta sake bin hanyar nan ba.

To, bayan 'yan shekaru, wata rana da azahar, sai ga wani Bature daga wajen Akwanga a guje, ya yi jajir, yana tura keken jariri a rufe ruf.

Iveren ta saki taɓarya. A saninta babba ba ya gudu haka kawai. Ta leƙa bayansa, babu kowa, babu hayaƙi, masu lemo na zaune abinsu. Kanta ya ɗaure. Amma abin da ya tsinka mata zuciya keken ne: rana kamar ta fasa kai, an lulluɓe ɗa da leda, kuma ko motsi ba ya yi.

Ta tare hanya, ta riƙe keken da hannu biyu.

"Buɗe shi," ta ce.

Baturen ya tsaya yana haki, yana murmushin da ya ƙara ƙular da ita. Mahmuda, ɗan acaban da ya tsinci Turanci wajen ɗaukar ɗalibai, ya matso ya yi tafinta.

"Mama, ya ce sunansa Norbert. Wai duniya yake zagayawa."

"Da gudu? Wa ya koro shi?"

"Wai babu kowa."

"To ina uwar yaron?"

Mahmuda bai samu damar tambaya ba, don shi bawan Allah Norbert ya zaci sha'awar labarinsa ake yi, ya dage da bayani. Wai da asuba yake tashi, ya yi ta gudu har ƙafa ta ƙi. Inda yamma ta riske shi nan zai roƙi wurin kwana, ko harabar coci ko ajin makaranta. Abin da ya samu shi yake ci. Farcen ƙafarsa ma sun zube. Mahmuda na fassarawa yana sosa ƙeya, don shi kansa bai ga kan zancen ba.

Ita kuwa Iveren duk ta san wannan rayuwar, ta yi ta. Abin da ta kasa ganewa shi ne a ce mutum ya zaɓe ta da kansa. Ba ta jira ya gama ba, ta fizge ledar.

Jarkar ruwa ce a sama. Ƙarƙashinta tanti a naɗe, da 'yar tukunya, da burodi, da takalman da suka cinye. Ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hankali, har hannunta ya taɓa ƙasan keken. Mutane suka fashe da dariya, amma da suka ga ta zauna daɓas a ƙasa, dariyar ta mutu. Ita kanta ta rasa ko murna za ta yi ko kuka.

Baƙo dai ba ya wuce rumfar Iveren da yunwa. Ta tashi ta zuba masa sakwara da miyar agushi, ta tsaya a kansa har ya cinye. Ya roƙi gishiri ya zuba a ruwan shansa, wai gumi ya tafi da na jikinsa. Ta ba shi gishirin Awe, wanda take saye a kasuwar Lafiya tunda ba ta zuwa Awe ɗin.

"Tambaye shi, ina gudun zai ƙare?"

"Ya ce a ƙofar gidansu, Mama. Inda ya fara."

"Wanda ya gudu yana komawa?" in ji Iveren.

Mahmuda bai fassara wannan ba.

Norbert ya ɗaure kayansa, ya yi godiya, ya nufi cikin Lafiya da ɗan gudunsa. Iveren ta daɗe a bakin titi tana duban hanyar da ya fito, ko mai korarsa zai ɓullo. Motar doya ce kawai ta wuce.

"Mahmuda, mashin ɗinka zai kai Awe?"

"Zai kai mana. Gishiri za ki saro?"

"A'a," ta ce, tana gyara ɗaurin zaninta. "Akwai wadda na bari a hanya."