Ramin Da Na Toshe A Murfin Batir

A lokacin da abin ya faru na daɗe ina sana'ar batir a wajen Ƙofar Mazugal. Da batir biyu na hannu na fara a kan benci, har Allah ya hore min shago. Ban yi boko mai nisa ba, amma da na ɗaga batir zan faɗa maka ko da sauran rai a jikinsa. Gwajina shi ne wanda na tarar ana yi a layinmu: ka dafa guntun waya a kai ɗaya na batirin, ka goga a ɗayan. In tartsatsi ya tashi da ƙarfi, mai saye ya gani da idonsa, ciniki ya faɗa.

Abu ɗaya ne yake damuna, ƙorafin cewa ruwan batir yana tsiyaya yana cin ƙarfen mota. Da na duba sai na ga kowane murfi yana da ɗan rami kamar na allura, ta nan ruwan ke fita in an shiga gargada. Sai na riƙa ɗiga gam ina toshewa. Ƙorafi ya tsaya, ni kuma ina ganin na fi masu kamfanin wayo.

Wata Juma'a na jona wani batir a caji, na kulle shago na tafi masallaci. Ɗaurin aure ya riƙe ni har bayan la'asar. Na dawo na tarar da mai batirin yana jira, wani dattijo da nake kira Baba, direban akori-kura mai ɗauko hatsi daga Dawanau. Ya tare ni da tsiya, wai Alhaji an samu shinkafar biki an manta da talakawa. Na taɓa batirin na ji zafi, gefensa ya ɗan kumbura, na ce a raina ya ƙoshi ke nan. Baba ya ce shi fa ba zai ɗauki kayan da bai ga wutarsa ba, ya sunkuyo da fuskarsa. Na goga waya.

Har yau ban iya tuna ƙarar ba. Na dai ga kaina zaune a ƙasa, kunnena yana kuwwa, rigata tana hujewa. Na zaci taya ce ta fashe a titi. Sai na ga Baba durƙushe ya rufe fuska yana salati. Ashe batirin ne ya fashe, ruwansa ya watsu masa a ido. Wani na cewa a kawo manja, wani na cewa madara, har wani mai shayi ya ture su ya yi ta kwara masa ruwa kafin a kai shi asibiti.

Kwanakin da suka biyo baya ban san me zan kama ba. Gwajin da na yi sau ba adadi, me ya sa ranar? Wasu suka ce batirin jabu ne, wasu suka ce zafin rana. Wata gwaggona ta rantse hannu aka sa min, har na daina gaisawa da maƙwabcin shagona, bawan Allah da bai san hawa ba. Sai da wani mai gyaran wutar mota ya zo jaje, ya tsinci murfi ɗaya a ƙasa, ya kankare shi da farce, ya ce wa ya toshe ramin nan. Ya ce batir in yana caji yana fitar da iska mai kama wuta, ramin nan ne hanyarta. Na toshe hanya, na bar shi ya wuce ƙa'ida a rufaffen shago, sannan na kawo masa tartsatsi da hannuna.

Idon Baba na hagu bai dawo ba, tuƙi ya gagara. Na je gidansa a Goron Dutse na faɗa masa komai, ban rage ba. Bai yi maganar idonsa ba, tambayata ya yi batir guda nawa na sayar a haka. Na ce ban sani ba. Ya ce to me nake zaune yi.

Na koyi cewa duk abin da ka gani a jikin kaya ba ka san amfaninsa ba, tambaya ake yi, ba gyara ba. 'Yan'uwana masu sana'a, ku sayi mitar auna batir ku bar gwajin waya. Ku yi caji a inda iska ke shiga, ku kashe caja kafin ku cire waya, kada a kusanto da ashana ko taba, kada kowa ya leƙa da fuska. Batir in ya yi zafi ko ya kumbura, a bar shi. Na bi masu sayen da na sani ɗaya bayan ɗaya da allura ina buɗe ramukan, amma akwai baƙin da ban san inda suke ba. In ka taɓa sayen batir na hannu a wajenmu, don Allah ka kashe mota, ka bari ya huce, ka duba murfin yau ko raminsa a toshe yake.