Numfashin Yaya a Tashar Jirgin Jidda

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Makka, ni da maƙwabtana biyu, za mu Jidda taryar yayata da ta taso a jirgin ruwa daga Bur Sudan don aikin Hajji. Kwalta sumul, direbanmu kuwa gudu yake kamar gadon gidansu ce hanyar. A Bahra muka sha shayi, na sayi burodin tamis mai zafi a jakar takarda. Mai shayin ya tsuga mana kuɗin baƙi, da ya ji Larabcin bakina sai ya sauko.

A unguwar Nuzla, cikin Jidda, muka ɗauki 'yata, wadda ke koyon aikin jinya. Ba su taɓa haɗuwa da gwaggonta ba.

Tashar ba masaka tsinke. Wani ɗan unguwarmu mai dako ya shigar da mu, muka iske Yaya a layin masu duba lafiya. An gaya mata duk wanda aka ga alamar ciwo a jikinsa, karantina za a kai shi a killace. Ita da ta yi shekaru tana tara guzuri! Ko gaisawa ba mu yi ba ta kama haki don tsoro, yatsunta suka ƙandare. Muka rufe ta da fifita muna cewa, "Ja numfashi sosai, Yaya, ja!" Tana ja, abin yana ƙaruwa. Hankalina ya tashi, ga layi yana matsowa.

"Baba, halas, ku daina," in ji 'yata. Ta juye min tamis a hannu, ta kafa wa Yaya jakar a hanci da baki. "Gwaggo, shwayya-shwayya, a hankali, ki shaƙi abin da kika fitar."

Ta dube ni. "Iskar da muke fitarwa, in ta taru a jini, ita ke sa jiki ya nemi numfashi. Gwaggo ta zubar da tata fiye da kima. Mayar mata muke yi."

Kafin layi ya iso kan Yaya, yatsu sun saki. Aka duba ta, aka ce yalla, ta wuce.

Da ta fito ta ce, "Wai yarinyar nan mai ce min Gwaggo, 'yar wane gida ce?"

"Tawa ce!" na faɗa da ƙarfi, har 'yan dako suka waiwayo. Kaina ya kumbura, ban kuma ɓoye ba.

Da magariba muka shigo Makka. Na dawo da sanin cewa iskar da na ɗauka shara ce, ita ke riƙe da linzamin numfashi. Jibi, in Allah ya yarda, Yaya za ta hau Arfa da ƙafafunta.