Tsuntsun Da Muka Fita Kora

A ƙauyenmu, arewa da Sule Tankarkar, ni Mamman an san ni da ƙari. In na ga kura ɗaya a daji, kafin in iso gida sun zama goma sha biyu, har da sarkinsu a gaba. Matata Kande ce mai tsare mini baki. Tana daga bayan danga za ta ce, "Malam, rage." In rage biyu. Ta ce, "Ƙara ragewa." Shekara ashirin muna haka. Wannan labarin kuwa yadda ya faru zan rubuta shi.

Ranar Laraba ce, washegari kasuwar Maigatari. Gero ya nuna. A irin wannan lokaci aikinmu ɗaya ne, korar jan-baki, tsuntsayen nan masu cinye gona kafin mutum ya ɗaura wando. Al'adarmu, wanda ya fara hango garkensu shi zai yi kururuwa. Kowa ya fito fili, a kunna hayaƙi, mata su buga ƙwarya, maza su wurga majajjawa.

Da hantsi Kande ta kawo mini fura gona. Ina sha ina ba ta labarin yadda na kashe tsuntsu arba'in da dutse ɗaya. Ta ce, "Malam, rage." Na ce talatin. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

A nan muka ji ƙarar. Daga arewa ta taso, kamar ana niƙa a kan dutse ba a tsayawa. Babu hadari. Jakina ya miƙe kunne. Sai ga shi sama da kukar bakin gari: abu guda, fukafukai biyu a sama biyu a ƙasa, ba ya kaɗa su.

Ba mu taɓa ganin jirgin sama ba. Ko sunansa ba mu sani ba. Ni na ga tsuntsu, na kuma tuna da gerona. Ni na fara hango shi, saboda haka ni na yi kururuwa.

"Ku fito! A kore shi! A kunna wuta!"

Suka fito. Da ma murya Allah ya ba ni. Kafin ya kewayo, gari duka yana gona. Hayaƙi ya tashi wuri shida. Yayana Buba yana kaɗa farar rigarsa a kan gora. Wani maharbi ya saki bindigarsa sama. Kande ta kife ƙwaryar furar tana bugawa da ludayi, tana guɗa.

Daga baya muka ji cewa Nasaran da ke wajen Damagaram suna farautar wasu masu raƙuma da suka yi musu tawaye. Me na cikin jirgin ya gani a ƙasa, Allah ne masani. Ya ga hayaƙi, ya ga taro, ya ji bindiga.

Jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa. Na ga kan mutum a ciki. Sai wata ƙara daban, kamar gugguru na fashewa a kasko. Zangarniyar gero ta dinga zubewa a jere, ba wanda ya yanka. Rigar Buba ta faɗi, shi ma ya bi ta. Guɗa ta tsaya.

Na sake ɗaga murya, "Ku kwanta! Ku shiga kara!"

Ya kewayo sau biyu. A na biyun ya saki wani abu, ɗakunan gabas suka kama da wuta. Ya koma arewa. Duk abin bai kai tsawon sallar azahar ba.

Na sami Kande a zaune, ludayin yana hannunta. Zanenta ya jiƙe daga kwiɓi. Na ɗaure wurin da rawanina, na ɗora ta kan jaki. Akwai wanzami a Gumel da ya iya cire kibiya. Shi na sa a gaba.

Rana tsaka muka wuce Sule Tankarkar. Mutanenmu suna gaba suna baya, wasu da tukwane a ka, wasu hannu wofi, kowa yana waiwayen sama. Ko shirwa ta gilma sai a watse cikin gonaki. Da azahar Kande ta nemi ruwa. Wata Bafillatana ta ba ta a ƙoƙo. Ina tafe ina ce mata Gumel ga ta nan, taku goma ya rage. Na faɗa ya fi a ƙirga. Ina jira ta ce in faɗi gaskiya. Ba ta ce ba.

Da la'asar, gindin wata tsamiya, ana hango ganuwa, jakin ya tsaya da kansa.

A Gumel muka rufe ta kafin magariba. Washegari a ƙofar masallaci na ba da labari. Wani dattijo da ya san ni ya yi murmushi ya ce, "Mamman ne fa, ku rage rabi." Ban ga laifinsa ba.

Mutum huɗu ne. Buba. Maharbin. Wata tsohuwa da wuta ta rutsa a ɗaki. Da Kande. Shekara tara ke nan ina faɗin huɗu, ina saurara ko zan ji wata murya daga bayan danga. Huɗu ne.