Jarumin da Mai Bidiyo Ya Ba Mu

Ina 'yar shekara tara na fara ganin fim ɗin, a wani ɗaki mai rufin kwano bayan gidanmu a Zango. Jarumin yana rufe fuska, yana ɗaga mota da hannu ɗaya. Turancinsu ba irin na makaranta ba ne, ba ma jin ko kalma. Don haka mai bidiyon, wani dattijo ɗan asalin Nijar, yakan rage sauti ya tsaya gefen talabijin yana fassara mana da Hausa, ya ɗan jefa yaren Twi saboda 'ya'yan Asante. Ya ce jarumin ɗan dako ne, tun yana ƙarami ya ɓace wa uwarsa a kasuwa, duk dukan da yake yi wa mutane nemanta yake. Sau goma sha ɗaya na kalla, kowane karo sai na yi kuka.

Yanzu ɗinki nake a unguwar Dichemso. Bayana ya gaji, idona ma haka, hira kuwa ta ƙare mini tun kafin in rufe shago. 'Yata tilo ta girma a gefen keken ɗinki ba mu saba zama mu yi taɗi ba. Da ta samu makaranta a Accra, tsoro ya kama ni, za ta tafi ba ta san komai nawa ba sai faɗa.

Ranar Lahadi bayan la'asar, ana gobe tafiyarta, na sa ta nemo mini fim ɗin a waya. Ta gano shi daga kwatancena, ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai duk duniya ba wanda bai zage shi ba, har waɗanda suka yi shi sun ji kunya. Na ce su suka sani.

Muka zauna kan tabarma. Gaskiya ba shi da kyau, motar ma da gani kwali ce. Can ta juyo.

"Mma, ba uwa a ciki fa. Mutumin mai kuɗi ne, kamfaninsa yake karewa."

Ashe dattijon ma bai taɓa jin Turancin ba. Na ji haushi, na ji kunya, na ce ta kashe sautin kawai. Na fara ba ta labarin yadda aka ba ni, da muryar da ta wuni tana ciniki. Rabi na manta, rabi na ƙara. Ta daina dariya, ta jingina da kafaɗata mai ciwo, ban ce ta matsa ba.

Da aka zo ƙarshe, jarumin yana tsaye shi kaɗai kan bene, ta tambaya a hankali, "To, ya same ta?"

Dattijon kullum cewa yake bai same ta ba. Ni dai na ce mata ya koma gida, ya tarar da ita tana jira.